Matasa, A Yi Hattara Da Tsofaffin Littattafan Zane

Jama'a, littafin da Superman ya fara fitowa a cikinsa, wato Action Comics na 1938, santi 10 aka sayar da shi a Amurka. A 2024 kwafi guda ya kai dala miliyan 6. Shi ya sa wasu matasanmu ke ta saye barkatai.

To, a ganina ƙaranci da tsabta ke kawo tsada. Fitowar farko ta X-Men na 1991 an sayar da kwafi sama da miliyan 8, yau 'yan daloli ake sayensa. Ku fara da abin da aljihu zai ɗauka, ku adana a leda, nesa da rana da danshi. Kada kowa ya taɓa kuɗin makaranta ko na haya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.