Tabarmar Zubi: Kitson rasta, na roba ko na gashin mutum?

 

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin maganar ajiyar gero kafin bazara. Ku yi haƙuri, mun ɗage ta, don wani abu ya taso a kan tabarmarmu wanda muke jin ba mu kaɗai ya shafa ba.

Ranar Larabar da ta wuce waccan, bayan an buɗe akwati an ƙirga, wata ƴar ƙungiyarmu da za ta aurar da ɗiyarta bayan Sallah ta nemi bashin jaka 60. Kamar yadda dokarmu ta ce, aka tambaye ta me za ta yi da su. Ta sunkuyar da kai ta ce yarinyar ce ta ga wani kitso a salula, irin wanda muke kira rasta, mutanen Najeriya suna cewa dada, ta kuma kafe sai na gashin mutum, ba na roba ba. Tabarma ta yi tsit, sannan kowa ta ɗauki magana a lokaci ɗaya. Wata ta ce haramun ne, wata ta ce ai aure sau ɗaya ne, wata ta ce ita ba ta ma san akwai iri biyu ba. Sai muka ɗage maganar zuwa mako guda, muka zauna da makitsiyar da ke cikinmu da wata mai saro kaya daga Kano. Ga abin da muka tattaro.

Mu fara da sanin kayan. Na roba, wanda muke kira meshi ko gashin doki, ba doki ya ba da shi ba. Zare ne da ake yi a masana'anta, ɗan uwan leda da bokiti. Mafi suna a cikinsa shi ne Kanekalon, na kamfanin Kaneka na ƙasar Japan, wanda ya fara yin wannan zare tun 1957. Ana naɗa shi ne a kan kitsonki na asali, ko a saƙalo shi da ƙugiya, ya yi kamar rasta alhali gashinki yana ciki a kitse. Kwanansa ƙidayayye ne: mako 6, in ya daɗe 8, a tsefe.

Na gashin mutum kuwa daga kan wata mace aka yanko shi. Mai yawa yana fitowa daga Indiya, inda masu ziyarar wuraren bauta irin na Tirupati suke aske kansu don cika alwashi, a tara gashin a yi gwanjonsa. Wani kuma tsintar abin da mataji ya ɗebo ne. Daga nan a kai shi masana'antu, musamman a garin Xuchang na ƙasar Sin, a wanke, a rina, a murɗe. To, ga abin da uwar amarya ba ta sani ba: shi wannan ba kitson biki ba ne. Da ƙaramar ƙugiya ake cusa shi cikin gashinki har su haɗe su zama abu ɗaya, ya zauna shekara da shekaru. Ranar da kika gaji da shi, ko dai ki yi kwanaki ana warwara gashi yana tsinkewa, ko almakashi. Kun ji bambancin farko.

Kafin mu kai ga kuɗi, akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya yi hani mai tsanani, har da la'ana, ga mai ƙara wa wata gashi da wadda aka ƙara wa. A kan gashin ɗan Adam mazhabobin nan huɗu ba su saɓa ba, sun hana. A kan abin da ba gashin mutum ba ne aka yi saɓani: Hanafiyya sun sassauta, malamanmu na Malikiyya sun fi tsanantawa ga duk abin da ya yi kama da gashi. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karanta mana da azumi, ya ce zare mai launi da ba ya kama da gashi bai shiga cikin hanin ba. Mu ba malamai ba ne, kowace ta je ta tambayi malamarta kafin ta zauna gaban makitsiya, ba bayan an gama ba. Amma ba za mu rufe bakinmu a nan ba, don mun san ƴaƴanmu na jami'a da na lakwal suna yi, cikin masu karanta mu akwai waɗanda ba musulmi ba, akwai kuma makitsan da wannan sana'a ce cinsu da shansu. Wadda za ta yi, gara ta yi da sani.

Yanzu lissafi, tunda shi ne aikinmu. A ƙungiyarmu zubin mako dala 100 ne. A shekara jaka 26 ke nan. Jaka 60 ɗin da aka nema zubin mako 120 ne, shekara biyu da kusan wata huɗu. Makitsiyarmu ta ce na roba, da kaya da kuɗin hannu, tana yin sa a jaka 12, wato zubin mako 24, a kan adon da bai wuce wata biyu ba. Masu sayarwa za su ce miki na mutum ya fi sauƙi, don in kina sake na roba duk wata biyu, a shekara kin kashe jaka 72. Gaskiya ne. Sai dai ba su faɗa miki cewa na mutum ma yana son gyaran gindi kusan kowane wata, kuma a wurin makitsiyarmu jaka 2 ne kowane zama. Shekarar farko ke nan jaka 84, ban da sabulu da mai. Kuma wa ya ce dole a yi ta sake na roba shekara zagaye?

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, abin da ya riƙe tsarin har ya bazu ƙasashe shi ne tambaya ɗaya: kuɗin nan in sun fita, ta ina za su dawo? Bashin ƙuli-ƙuli yana dawowa ta ƙuli-ƙuli. Bashin akuya yana dawowa ta ƴaƴanta. Bashin kitso fa? Sai dai ta tukunyar gida.

In kin yanke shawara za ki saya da kuɗinki, ki kula da algus. Abin da ake kira gashin mutum sau da yawa gauraye ne da roba, ido kuma ba ya rabewa. Ki roƙi sili biyu ko uku, ki kunna musu ashana nesa da sauran kayan. Gashin mutum yana ƙaurin babbakar kan rago, ya zama toka mai murmushewa a yatsa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda. Mai kayan da ya hana ki gwadawa, ko a kasuwar Dole ko a Sabon Garin Kano, ya riga ya ba ki amsa. In kuma an ce miki na mutum ne amma kuɗinsa kusa da na roba, ki tuna araha ba ta ado.

Wannan gwaji ya kai mu ga murhu. Abin da ashana ta yi wa sili uku, garwashi zai yi wa jelar da ta zubo daga kafaɗa lokacin da kika duƙa hura wuta. Robar da ta narke tana manne wa fata. Mai suyar ƙosai ko waina, in tana da shi a kai, ta tattare shi sama ta ɗaure da ɗankwali kafin ta kusanci kasko. Yara ƙanana kuwa, a bar kansu da ɗan zane da kalaba.

Sai ƙaiƙayi. Da yawa cikinmu mun ga yarinya kwana biyu da kitso tana ta bubbuga kai. Sau da yawa abin da aka shafe zaren da shi a masana'anta ne fatarta ba ta karɓa ba. Kafin a kitsa, a jiƙa meshin a ruwan ɗumi da ɗan binega kamar minti 20, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya wanke komai. A watan Fabrairu na 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, mai bin haƙƙin masu saye, ta gwada meshin kitso iri 10. Ta iske sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji a cikin dukkansu, ta iske dalma a 9. Wannan bai nuna duk wadda ta kitsa za ta kamu ba. Abin da muka ɗauka a ciki shi ne kada a bar shi ya daɗe a kai, kada a riƙa sa shi a baki lokacin kitso, makitsiya ta wanke hannu kafin ta ci abinci ko ta ɗauki goyo, kuma in za a tsoma bakin jela a ruwan zafi ko a ƙona shi, a yi a tsakar gida inda iska take, ba cikin ɗaki ba.

Babbar ɓarna kuma ba daga kayan take ba, daga ja take. Mun taso ana ce mana kitso sai da zafi. Ba haka ba ne. In kin kasa runtse ido da dare, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin goshi da ƙeya, gindin gashi ne yake kuka. A sassauta ko a tsefe a ranar, kada a ce a bari kuɗi su ci kansu. Gashin da aka daɗe ana ja yana zubewa, in abin ya yi nisa ba ya sake tsirowa, komai man da aka shafa. Ku dubi gaban goshin wasu cikinmu, ba tsufa ba ne. Rasta mai tsawo har ƙugu nauyi gare shi, in ya jiƙe nauyin ya ƙaru. Wanda ya tsaya a kafaɗa ya fi tausayin kai, ya fi tausayin aljihu.

Wanki kuma, kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram. Na roba fatar kai ake wanke wa: a dama ɗan shamfu a ruwa, a bi tsaga-tsaga da yatsu, a ɗauraye, duk kwana 10 zuwa 14. Zaren ba ya shan mai, shafa masa man kaɗe tara ƙura ne kawai. Na mutum yana shan ruwa kamar soso, yana son ɗauraya mai yawa don kada sabulu ya maƙale a ciki, wadda take sayen ruwa wurin ɗan garuwa ta sa wannan a lissafi. Duka biyun a wanke su da safe, a matse da tawul, a bari su bushe har ciki kafin a rufe. Wadda ta ɗaura ɗankwali ta ɗora hijabi a kan jiƙaƙƙen rasta cikin zafin watan Afrilu, kwana kaɗan za ta ji wari irin na tsumman da ya kwana a ruwa. Wannan fumfuna ce, turaren wuta ba ya kashe ta. Da hunturu a rufe kai saboda ƙura, da dare a kwana da ɗankwali mai santsi. Mai wankan tsarki ta tabbata ruwa ya kai fatar kai.

Bayan an tsefe, kada a firgita da gashin da ya fito a mataji, yawancinsa wanda ya zube ne tun tuni kitso ya riƙe shi. A warware da yatsu kafin a sa ruwa, a wanke da karkashi irin na iyayenmu, a bar kai ya huta mako biyu.

Akwai hanya ta uku da ba a tallata ta a salula, don ba mai cin riba a kanta. Gashinmu na Hausawa da kansa yana murɗewa ya zama rasta ba da ƙarin komai ba, sai dai yana son haƙurin watanni, wani har shekara. Ga kuma kitson zare, da shuku, da kalaba, waɗanda makitsan Zango suka gada kaka da kakanni.

To, me ya faru da uwar amarya? Larabar da ta biyo ta zo da yarinyar. Makitsiyarmu ta yi mata bayani gaban kowa. Da ta ji ba a tsefe shi bayan biki sai da almakashi, ta dafe kai ta ce ita ba wanda ya faɗa mata haka. Ba za mu ce ta tashi tana dariya ba, ta so abinta. Amma uwar ta janye buƙatar jaka 60. Ta nemi jaka 20 ta ƙara jarin turaren wutar da take yi, aka ba ta, ta ce a cikin ribar za ta biya kitso da lallen biki. Wane kitso za a yi, wannan tsakaninsu ne da malamarsu da makitsiya.

Mu kuma mun ƙara layi ɗaya a dokar ƙungiya, da yardar kowa: akwati ba ya ba da bashin ado, amma yana ba makitsiya bashin kayan aiki. Ku tattauna a taku tabarmar, ku aiko mana da abin da kuka yanke ta hannun sakatariyarku.

Maganar gero tana nan a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a zubi, ya kai mu ranar rabo lafiya.