Nazari: Najeriya na cin kofuna a ƙwallon kwando, amma hanyar da ke kai yaron Gezawa fagen wasan ta toshe

A ranar 3 ga Agustan 2025, tawagar mata ta ƙwallon kwando ta Najeriya, D'Tigress, ta doke Mali a birnin Abidjan, ta ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere. Shekara guda kafin haka, a gasar Olamfik ta birnin Paris, ita ce tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar yabo ga kowace 'yar wasa.

Nasara ce da ta cancanci yabo. Sai dai duk wanda ya bi tarihin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa da yawansu a ƙasashen waje aka haife su, ko kuma a can suka samu horo. Mai horar da su, Rena Wakama, a jihar North Carolina ta Amurka aka haife ta, a jami'ar can ta buga wasa. Amy Okonkwo, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar Afirka a 2023 da 2025, ita ma jami'o'in Amurka ne suka raine ta. Kaɗan ne irin Murjanatu Musa, wadda ta fara daga gasar cikin gida kafin ta wuce Turai.

Wannan ne ya sa tambayar da ta fi dacewa da masu sha'awar wasan a Arewa ita ce: idan yau aka samu yaro dogo mai hazaƙa a Gezawa ko Jogana, ta wace ƙofa zai shiga?

Lokacin da Kano ke riƙe da kambu

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta daɗe tana cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, ta lashe gasar maza sau da dama, ciki har da 2016 da 2017. A 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a birnin Alƙahira. Ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da ƙungiyoyin Kudu ke shakkar zuwa, kuma mai horarwa Sani Ahmed ya yi suna har ya jagoranci tawagar ƙasa.

Zariya ma tana da nata tarihin. A filayen Jami'ar Ahmadu Bello wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koyar da matasa. Daga cikin waɗanda suka tashi a wannan gari akwai Masai Ujiri, wanda shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta lashe gasar NBA a 2019. Abin da Kano da Zariya suka nuna shi ne cewa fili ɗaya da mai horarwa ɗaya mai juriya sun isa su fitar da 'yan wasa na tsawon shekaru.

Rikicin da ya fara daga zaɓen Kano

Abubuwa sun fara lalacewa ne a watan Yunin 2017, lokacin da aka yi zaɓe biyu na shugabancin Hukumar Ƙwallon Kwando ta Najeriya, wato NBBF. A Kano aka zaɓi Tijjani Umar, washegari a Abuja aka zaɓi Musa Kida. Daga nan hukuma ɗaya ta koma ɓangare biyu, kowane yana iƙirarin shi ne halastacce, shari'a ta shiga tsakani, gasar maza ta rasa tsayayyen jadawali, kamfanonin da ke ɗaukar nauyinta kuma suka ja da baya.

A Janairun 2022 aka maimaita abin, aka zaɓi Kida a Benin, aka zaɓi Igoche Mark a Abuja. A watan Mayu gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na tsawon shekara biyu. An janye matakin bayan 'yan makonni, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin hukumar FIBA ta bai wa Mali gurbin D'Tigress a gasar cin kofin duniya da aka yi a Sydney.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar rikicin su ne 'yan wasan cikin gida. Ɗan wasan da ke buga wa wata ƙungiya a Amurka ko Faransa albashinsa na tafiya ko da hukumar ƙasarsa ta rabu goma. Wanda ke Kano kuwa, idan babu gasa babu alawus, babu kuma mai ganin wasansa balle ya ɗauke shi. Tun da aka fara gasar BAL a Kigali a 2021, wadda NBA da FIBA suka kafa domin ƙungiyoyin Afirka, Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons ta Ilori ne suka wakilci Najeriya a cikinta zuwa 2025. A 2022 ma babu ƙungiyar Najeriya ko ɗaya a gasar.

Ƙofar jami'o'in Amurka

Tun zamanin Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi daga Legas zuwa Jami'ar Houston, aka ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1984, gasar jami'o'in Amurka ita ce babbar hanyar ɗan Najeriya zuwa ƙoli. Hanyar ta ƙara maiƙo a 'yan shekarun nan. Daga Yulin 2021 an yarda ɗalibai 'yan wasa su riƙa karɓar kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma wata kotu ta amince da sulhun da ya bai wa kowace jami'a damar raba kusan dala miliyan 20 da rabi a shekara ga 'yan wasanta.

Amma ƙofar tana da sharuɗɗa. Jami'a ba ta ɗaukar wanda bai kammala sakandare da sakamako mai kyau ba, masu farautar 'yan wasa kuma suna neman bidiyon wasanni da sakamakon gasa da za su dogara da shi. Bizar karatu ta taƙaita irin aikin da baƙon ɗalibi zai iya yi a Amurka, wanda hakan ke hana da yawa cin moriyar kuɗin tallan. A Yulin 2025 Amurka ta rage wa'adin yawancin bizar da take bai wa 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. Saboda haka yaron da ba ya makaranta, ko wanda makarantarsa ba ta shiga kowace gasa, ya faɗi tun kafin a fara.

Lissafin fili a ƙasar noma

Ƙaramar Hukumar Gezawa, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 280,000, tana cikin yankin da gonaki suka matse ƙauyuka kewaye da birnin Kano. Kowace taƙi tana da mai ita, birni kuma sai ƙara kutsowa yake yi ta hanyar Jogana, farashin filaye na tashi. Filin ƙwallon ƙafa a irin wannan wuri yakan zama aro: gona ce da rani, da damina a shuka gero.

A nan ƙwallon kwando ke da fifiko. Cikakken filinta mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, wato murabba'in mita 420. Filin ƙwallon ƙafa na gasa ya haura murabba'in mita 7,000, kusan ninki 17. Wasan 'yan uku-uku, wanda ya shiga gasar Olamfik tun daga ta Tokyo, rabin fili da kwando ɗaya kawai yake buƙata. Daɓen siminti a harabar makaranta ya wadatar, kuma da yake yana cikin katanga, iyayen da ba za su bar 'ya mace ta fita filin gari ba za su fi samun natsuwa.

Abin da ya rage shi ne sha'awa, ita ma tana da cikas. Ana buga yawancin wasannin NBA ne da tsakar dare agogon Najeriya, lokacin da gidajen kallo suka rufe, don haka matashin ƙauye ya san 'yan wasan Firimiyar Ingila ciki da bai, amma gutsuren bidiyo kawai yake gani na Giannis Antetokounmpo a waya. Wasan da yaro zai so shi ne wanda ya gani da idonsa a garinsu.

Wa ke da alhakin gyara

Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko, ita ce ke da nauyin tabbatar da cewa zaɓen NBBF bai sake haifar da shugabanni biyu ba, kuma gasar cikin gida ta samu jadawalin da ƙungiyoyi za su iya yin kasafi a kansa. Gwamnatin Kano, mamallakiyar Pillars, tana da tsofaffin 'yan wasa da za ta iya tura wa makarantun karkara a matsayin masu horarwa. Ƙananan hukumomi kuwa, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, suna da hujjar neman haƙƙinsu, jama'a ma suna da hujjar tambayarsu abin da suka gina.

Akwai kuma tsani da yake a kafe: gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda aka fara tun 1999, da shirin gidauniyar Giants of Africa ta Ujiri na gina filaye 100 a faɗin nahiyar. Duka biyun suna zuwa ne inda aka nuna shiri. Ma'aunin da ya kamata masu sha'awar wasan a Kano su riƙa bibiya shi ne adadin makarantun wajen birni da suka shiga gasar jiha a kowace shekara, domin daga nan ne za a san ko tawagar ƙasa ta shekara goma masu zuwa za ta ƙunshi ɗan Gezawa.