A Gwada Kik Kafin A Canza Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin direbobi da masu gyaran mota na yankinmu kan wata asara da ake tafkawa kullum.

Duk wanda ya san Jega ranar Juma'a ya san cewa tsofaffin a-kori-kura ne ke ɗauke da kasuwar. Su ke kwaso albasa daga gonakin Aliero, su ke shiga ƙauyukan Maiyama su fito da gero da shinkafa. Da yawansu Peugeot 504 ne na zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ke haɗa su, sai tsofaffin Hilux. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Dole a lallaɓa wadda ake da ita.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar mota ta ƙi tashi sai a ce kik, wato na'urar da ke tayar da inji, ya mutu, a sayo wani. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau. Idan ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, fitilu suka dusashe, to batir ne ya yi sanyi, ko kansa ya yi tsatsa, ko wayar da ke haɗa shi da jikin mota ta saki. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, kuma awon ba ya cin minti biyu. Idan ƙas ɗaya ka ji, fitilu na nan da haskensu, a duba solonoyid da buroshi. Motar da sai yaron mota ya ƙwanƙwasa kik da sifana take tashi, galibi buroshinta ne ya cinye, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na sabon kik ba. In kuwa kik yana juyawa shi kaɗai bai kama inji ba, bendis ɗin kik ne ko haƙoran filawil ɗin inji.

Ga kuma jabu. Tsohon kik na asali da aka sake wa buroshi ya fi wasu sababbin da ke zuwa cikin kwali mai ƙyalli, waɗanda ba sa kai ƙarshen kakar albasa. Direba ya ba da nagarinsa a arha, ya biya kuɗi mai yawa ya karɓi rago. Wannan yana ƙona mini rai, domin kuɗin cefanen iyali ne.

Wanda ya rasa kuɗin sayen wani kik sai ya koma turi. Za ka ga yara suna tura mota da lodi a bakin babban titin Yawuri, tireloli na wucewa, ko a bar inji yana aiki har a gama lodi don tsoron kada ya mutu, fetur na ƙonewa a banza.

'Yan'uwana direbobi, kada ku riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, hakan ke ƙona kik. In canjin ya zama dole, a fara cire wayar batir, a ƙirga haƙoran bendis su zo daidai da na tsohon, kuma ku karɓi tsohon naku ku ajiye.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai da masu wayarin na Jega, Aliero da Maiyama su sa doka cewa ba a kwance kik sai an auna batir a gaban mai mota. Masu sayar da kayan gyara su riƙa ba da rasit da wa'adin mayarwa, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta riƙa leƙa shagunansu. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ta taimaka wa yaran gareji da gajeren horo kan aiki da mita.



Naka,
Wani mai karatu daga Jega, Jihar Kebbi