Taka Sayyada a Wusasa: Giɓin da Nazarin Hausa Ya Bari

Duk shekara dubban mutane kan tafi birnin Ƙudus domin su zaga tsohuwar unguwar Kiristoci da ƙafa, su karanta tarihi a jikin gini da lungu. Ƙasar Hausa ma tana da irin wannan wuri, sai dai manazartanta ba su ba shi haƙƙinsa ba. Wurin shi ne Wusasa, a gefen birnin Zariya.

A 1929 ne mishan ɗin CMS, wanda Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birnin Zariya, ya koma Wusasa. Mai tafiya a ƙasa zai tarar da majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa mai bakan gizo irin na magina Hausawa, da kuma asibitin St. Luke. Makarantar wannan gari ce ta rene Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wasu daga cikin iyalan farko zuriyar Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim na Kano, waɗanda suka zauna a Gimi kafin ciwon barci ya tarwatsa zaman. Ba a fahimtar irin wannan cuɗanya daga cikin mota, sai an tsaya an gaisa da dattawa, an dubi maƙabarta, an saurari Hausar da ake wa'azi da ita.

Labarin bai tsaya a Wusasa ba. A yankin noma na Funtuwa da Malumfashi akwai ƙauyukan Hausawa Kiristoci, galibi zuriyar Maguzawa, masu noman masara da auduga kamar maƙwabtansu Musulmi. Daga Malumfashi ne Gerald Mamman Musa ya fito, wanda aka naɗa bishop na farko na ɗariƙar Katolika a Katsina a 2023. Tarihin waɗannan ƙauyuka yana bakin tsofaffi, ga shi mutuwa na ɗaukarsu, rashin tsaro kuma na tayar da mazaunan karkara daga gidajensu.

Akwai masu ganin batun ya shafi addini, don haka sassan nazarin Hausa su kauce masa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda kowane malamin Hausa ke buɗawa, aikin mutumin da ya shigo ƙasar a matsayin ɗan mishan ne. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 kuwa tana cikin manyan ayyukan rubutun boko na farko. Wanda ya ci moriyar ganga bai kamata ya yada kwaurenta ba. Nazari ba wa'azi ba ne, aikinsa adana abin da Bahaushe ya faɗa, ya rera, ya gina.

Ya dace sassan Hausa na Zariya da Katsina da Kano su sanya ziyarar ƙafa zuwa Wusasa cikin darasin al'ada, su kuma tura ɗalibai ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi inda hanya ke da aminci, su naɗi waƙoƙin majami'a da sunaye da tsarin aure. Kowane dattijo da ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, wani ɓangare ne na tarihin Hausa ya tafi tare da shi.