Yaƙi da ƙwaya a makarantu: idan ɗalibai ne suka haɗa bidiyon da kansu fa?

Kowace ranar 26 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tsarin kusan ɗaya ne a manyan garuruwan Nijar: hukumomi su yi jawabi, a cinna wa tarin ƙwayoyin da aka kama wuta, da dare a nuna hotuna a talabijin. Ƴan kolej da lise, waɗanda ake yin faɗakarwar dominsu, a lokacin hankalinsu na kan jarrabawar BEPC da BAC ko kan babban hutu. Saƙon da ke isa gare su kullum yana cikin salula ne, a WhatsApp da TikTok.

Shi ya sa wata dabara da malamai ke amfani da ita a wasu makarantu da jami'o'in Amurka ta cancanci nazari. Malami ya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba su tsoffin tallace-tallacen faɗakarwa, gutsattsarin labarai da na fina-finai. Su yanka, su sake jerawa, su ɗora muryarsu, su fitar da bidiyon minti ɗaya ko biyu. Daga nan wani rukunin ya karɓi aikin ya sake masa fasali, ko ya mayar masa da martani.

Tsoratarwa ta sha faɗuwa

Dabarar ta samo ƙarfinta ne daga gazawar tsohon salo. A 1936 an yi wani fim a Amurka mai suna Reefer Madness domin tsoratar da iyaye game da tabar wiwi. Ƙarin gishirin da ke cikinsa ya yi yawa, har a shekarun 1970 ɗaliban jami'a suka mayar da shi fim ɗin ban dariya. A 1987 aka fitar da wata talla da ta yi suna, inda aka fasa ƙwai cikin kaskon suya aka ce haka ƙwaya ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ita ma masu barkwanci sun yi ta kwaikwayonta.

Daga 1998 zuwa 2004, gwamnatin Amurka ta kashe sama da dalar Amurka miliyar ɗaya a kan tallace-tallacen hana matasa shan ƙwaya. Binciken da gwamnatin kanta ta sa aka yi bai gano cewa shaye-shayen ya ragu saboda tallace-tallacen ba. Ya ma nuna cewa wasu matasan da suka fi ganin su sun ƙara yarda cewa sa'o'insu da yawa na shan wiwi. Faɗakarwar ta zama kamar tana ce wa yaro kowa na yi, kai kaɗai ka rage.

A jihar Florida kuwa, a 1998, an bi wata hanyar wajen yaƙi da taba sigari. An sa matasa cikin tsara saƙon, aka kuma karkata shi kan yadda kamfanonin taba ke yaudarar yara domin neman riba. Shan taba ya ragu a tsakanin ƴan makarantar jihar cikin shekarun da suka biyo baya, daga bisani aka faɗaɗa kamfen ɗin zuwa ƙasar baki ɗaya. Matashi ba ya son a yi masa wa'azi, amma ya fi ƙin a ce an mayar da shi wawa.

Amfanin yana wurin gardama

Wanda ya taɓa zama wurin montaj ya san kowane hoto sai an yi jayayya a kansa. Ɗalibai biyar da salula ɗaya dole su yanke shawara: wannan hoton zai sa mai kallo ya ji tausayi ne ko ya yi dariya? Waƙar da aka ɗora tana ƙawata abin ne ko tana muzanta shi? Wannan magana gaskiya ce, ko jita-jitar fada ce? A cikin irin wannan muhawara, yaron da ba zai taɓa ɗaga hannu gaban mushe ba yakan faɗi abin da ya gani a unguwarsu.

Riba ta biyu ita ce wayewar ido. Wanda ya taɓa cire muryar wani ya ɗora tasa, ko ya yanke rabin jawabi har ma'anarsa ta juya, ba zai ƙara gaskata duk bidiyon da aka turo masa ba. Fasahar ma ba baƙuwa ba ce a nan. Matasan Maraɗi, Damagaram da Tawa sun tashi da kallon fina-finan Indiya da aka ɗora wa Hausa a Kano, kuma da yawansu sun iya CapCut fiye da malamansu.

Ina za a karkata kamara?

A ƙasar Hausa tramol na cikin ƙwayoyin da suka fi yawo. Likita kan rubuta mai miligram 50 ko 100 domin ciwo, amma na kasuwar bayan fage yakan kai 225 ko 250, akasarinsa daga Indiya. Ana sayar wa ɗan kabu-kabu, lebura da manomi da sunan maganin gajiya, ɗalibi kuma ya sha domin karatun dare. Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne jiki na sabawa da shi, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma idan ya yi yawa yana danne numfashi. Wannan ƙaryar ta maganin ƙarfi ita ce ta fi dacewa ɗalibai su warware.

Akwai kuma masu cin riba. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai. A watan Janairun 2022 an kama kilo 214 na hodar ibilis cikin motar magajin garin Fachi a jihar Agadas. Bidiyon da ya jera waɗannan labarai kusa da hoton teburin mai tallar magani zai nuna wa yaro cewa shi ne ƙarshen wata doguwar sarƙar kuɗi. Hoto na iya motsa hukuma ma: bayan binciken BBC na 2018 a kan maganin tari mai kodin, Najeriya ta haramta haɗa shi da shigo da shi cikin ƴan kwanaki.

Haɗurran da ke ciki

Na farko shi ne tozarta mutane. Abu mafi sauƙi ga yara shi ne su ɗauki wani da ƙwaya ta bugar a bakin tasha su sa masa kiɗa. Wannan cin mutunci ne, kuma a gari kamar Tasawa ko Madawa kowa zai gane ɗan gidan wa ne. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara, misali ne na yadda ake nuna rayuwa mai wuya a bar mutane su yi magana da bakinsu.

Na biyu doka ce. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi zaman kaso ga ɓata suna da zagi ta kafofin sadarwa. Ɗalibin da ya nuna shagon wani ya ce nan ake sayar da ƙwaya zai iya jefa kansa da iyayensa cikin shari'a. Irin wannan bayani hukumar OCRTIS ko ƴan sanda ake kai wa.

Na uku, bidiyon zai iya zama talla. Idan aka cika shi da launukan ƙwayoyi, sunayensu na titi da kiɗa mai daɗi, an koma kuskuren da Amurka ta biya da tsada. Don haka ana bukatar malami da ma'aikacin lafiya su duba aikin kafin ya fita daga aji.

Kuɗin da aikin ke bukata kaɗan ne: salula ɗaya ga kowane rukuni, ƴan awoyi a mako, da wurin caji. Abin da ya fi wuya shi ne ranar da wani ɗalibi zai tsaya bayan an tashi ya ce shi ma yana sha, yana son dainawa. Wuraren kula da irinsa ba su da yawa a ƙasar, galibi sai sashen masu taɓin hankali na manyan asibitoci, inda iyalai da dama ke jin kunyar zuwa. Duk makarantar da ke son gwada wannan dabara a shekarar karatu mai zuwa, ya kamata tun kafin a fara ta san likitan da za ta tura wa yaron, da yadda za a sanar da iyayensa ba tare da an kore shi ba.