Kafin A Dasa Baƙuwar Bishiya, A Binciki Halinta

Wata rana muna zaune a gindin wata bishiya bayan ajinmu muna jiran malamin Tsarin Sauti, sai wata abokiyar karatunmu Bayarabiya ta ɗaga kai ta dubi bishiyar, ta ce da ni, "Malam, wannan ai taku ce. Mu ma da sunanku muke kiran ta, dongoyaro." Na amsa mata da alfahari cewa ƙwarai kuwa, tamu ce gada da gadaje. Har na ƙara mata da cewa a Kano darbejiya ake ce mata, wajen Katsina bedi, wasu kuma su ce maina.

Ashe dai ban san abin da nake faɗa ba. Da na bincika daga baya sai na tarar asalin dogonyaro ƙasashen Indiya da Bama ne, kuma a shekarar 1928 aka shigo da shi Nijeriya, aka fara dasa shi a ƙasar Barno da irin da aka ɗebo daga Ghana. Wato ke nan itacen da nake rantsuwa na kakannina ne bai cika shekara ɗari a ƙasar nan ba. Tun daga ranar na fara lura da shi. Sai ga 'ya'yansa sun tsiro a jikin katangar makaranta, da bakin kwalbati, da ƙarƙashin wayar lantarki inda tsuntsaye ke sauka, da gindin mangwaron da jemagu ke kwana. Babu wanda ya shuka su, babu mai ba su ruwa, amma ga su nan kore shar. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: bai kamata a riƙa raba wa jama'a dashen baƙuwar bishiya dubu-dubu ba sai an yi binciken halinta tukuna, an kuma bayyana wa manoma da makiyaya sakamakon binciken da harshen da suke ji.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen irin wannan bincike. Idan saurayi ya zo neman aure, komai kyan rigarsa da yawan toshinsa, iyaye ba sa ba shi 'ya sai sun tura an tambayo asalinsa, da sana'arsa, da yadda ya zauna da mutane a inda ya fito. Idan ya taɓa aure, a tambayi me ya raba su. Dalili kuwa shi ne ɗaura aure abu ne na wuni guda, warware shi kuwa sai an sha wuya. To, haka bishiya take. Dasa ta aikin safiya ɗaya ne, amma in ta bazu a daji ta zama annoba, gwamnati ma da kuɗinta da motocinta sai ta yi shekaru tana fama ba ta ga bayanta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. Akwai wata bishiya mai ƙaya da masana ke kira Prosopis juliflora, dangin ƙirya ce ta nesa, asalinta nahiyar Amurka. An kawo ta ƙasashen Afirka da kyakkyawar niyya, domin tana jure fari, tana tsayar da rairayi, tana ba da itacen girki da gawayi. An kai ta Sudan a 1917, amma a 1995 sai da gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a kawar da ita, saboda ta cinye gonakin noman rani ta toshe magudanan ruwa. A Kenya, mutanen yankin Baringo sun kai gwamnatinsu ƙara kotu a 2006, har suka je da akuyar da haƙoranta suka zube saboda cin 'ya'yan bishiyar masu zaƙi. A yankin Afar na Habasha ta mamaye makiyaya. Kusa da mu kuma, a gefen Tafkin Chadi ta ɓangaren Jamhuriyar Nijar, ta yi kurmi a wuraren da ruwa ya janye. Dabbobi ne ke cin 'ya'yanta su yi kashin irin a duk inda suka bi, ga taki an haɗa masa. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, yaya ake binciken halin bishiya? Ƙasar Ostireliya, wadda baƙin tsirrai da dabbobi suka daɗe suna wahalar da ita, ta fara aiki da wani ma'auni a 1997. Tambayoyi 49 ne ake yi a kan duk tsiron da wani ke son shigo da shi, kowace amsa da makinta. Idan jimillar maki ta haura 6, a hana shi shiga. Idan ba ta kai 1 ba, a bar shi. Idan kuma ta faɗa tsakanin 1 da 6, sai a ƙara bincike. Daga baya wasu wurare irin su tsibiran Hawai sun ari ma'aunin sun gyara shi daidai da yanayinsu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, da yawa daga cikin tambayoyin manomi ko makiyayi zai iya amsa su ba tare da ya taɓa shiga aji ba. Shin tsiron ya taɓa gagarar mutane a wata ƙasa? Yanayin garinsu ya yi kama da namu? Yana da ƙaya? Yana kashe dabba in ta ci? Shekara nawa yake yi kafin ya fara 'ya'ya? Tsuntsaye na ɗaukar irinsa? Irin yana daɗewa a ƙasa bai mutu ba? In an sare shi ko an ƙone shi yana sake tohowa? Yana yin cunkus ya hana na ƙarƙashinsa rayuwa?

Bari mu gwada wa dogonyaro kaɗan daga cikinsu, ko da yake ni ɗalibin harshe ne, ba ni da hurumin ba shi maki. Ya taɓa gagara a wani wuri? E. A filayen da ke kewaye da birnin Accra ya bazu shi kaɗai ya danne itatuwan asali, har cikin gandun namun daji na tsaunukan Shai. A arewacin Ostireliya kuwa ya bi gaɓar koguna, har hukumomin yankin suka sa shi cikin jerin miyagun tsirrai a 2014. Tsuntsaye na ɗaukar irinsa? Sosai ma, su da jemagu, su shanye zaƙin su yar da ƙwallon a nesa. Yana saurin haihuwa? Cikin shekara uku zuwa biyar ya fara. In an sare shi fa? Kowa ya san kututturensa tohowa yake yi, wani lokaci ma har daga saiwa. Waɗannan duk shaidu ne a kansa. Amma yana da masu kare shi. Ba shi da ƙaya. Awaki da raƙuma na cin ganyensa idan abinci ya yi wuya. Irinsa kuma ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni ko watanni kaɗan ya mutu in bai sami danshi ba, saɓanin na waccan mai ƙayar da ke shekaru a ƙasa yana jiran ruwa.

Abin da na fahimta daga nan shi ne, hukuncin bishiya ya danganta da wurin da za a kai ta. A ƙauyen Sahel inda ruwan sama bai da yawa, ga awaki na cinye duk abin da ya tsiro, ga mata na neman makamashi kullum, da wuya dogonyaro ya fi ƙarfin mutane. Amma a bakin kogi, ko fadama, ko gandun dajin da aka hana sara da kiwo, babu mai taka masa birki. Saboda haka amsar da ta dace da Nguru ba lalle ba ne ta dace da Lakwaja.

Na san akwai masu cewa wannan butulci ne, kuma maganarsu abar dubawa ce. Wa zai ƙirga alherin dogonyaro? Shi ne inuwar kasuwa da makaranta da ƙofar gida daga Sakkwato har Maiduguri. Da ganyensa iyayenmu ke yi mana surace in zazzaɓi ya kama mu, da shi ake kare hatsi daga ƙwari a rumbu, da reshensa ake asuwaki. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun daga 1975 aka jera shi layi-layi don tare iska, gonaki suka farfaɗo. Alhazanmu ma sun sha inuwarsa a filin Arfa. Mutumin da hamada ke cin gonarsa, in ka ce masa ya dakata da dashe sai an amsa tambayoyi 49, zai ce kai ƙoshi ne ke damun ka. Ni ban ce a sare ko guda ɗaya ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Hasali ma amfanin bishiya shi ne yake rufe wa mutane ido daga aibinta, domin da yawa daga cikin waɗanda suka zama annoba da sunan taimako aka kawo su. Ba wanda ke ɗauko itacen banza daga wata nahiya ya yi ta wahalar renonsa.

Mu da ke karatu a nan Kudu muna da misali a kusa. Akwai Leucaena, wata 'yar bishiya daga ƙasar Meziko mai ganye kamar na tsamiya, wadda masu binciken aikin gona a Ibadan suka yi gwaji da ita a shekarun 1970 da 1980, ana dasa ta layi-layi a tsakanin masara don ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tana da amfani, babu musu. Amma tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a duniya, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya ta fitar a 2000. A cikin wannan jerin kuma akwai wata bishiya mai jan fure ta dazuzzukan Afirka ta Yamma, wadda yara ke matse ƙunshin furenta ruwa ya yi tsartuwa. A nan gida ba ta dami kowa ba, amma da aka kai ta Fiji da Hawai don ado sai ta mamaye gonaki da dazuzzuka. Dalili shi ne a garinsu kowace bishiya tana da ƙwari da cututtukan da ke rage mata ƙarfi, in ta yi ƙaura sai ta bar su a baya.

Wani zai ce, to mu ɗaliban Hausa ina ruwanmu? Da ruwanmu har da tsaki. Na farko, abin da ba shi da suna wuyar gargaɗi gare shi. Bahaushe gwani ne wajen sa wa baƙon tsiro sunan da ke nuna inda ya fito: masara, dankalin Turawa, kurnar Nasara. Wani lokaci kuma sunan hali yake nunawa. Dubi ƙashin yawo, wanda shi ma daga Amurka ya zo, sunansa kaɗai ya gaya maka yana manne wa tufafi da gashin dabba ya bi su gari-gari. Dubi wuta-wuta, mai ƙone dawa da gero. Amma har yanzu ban ji kalma ɗaya da aka yarda da ita ba, wadda za ta tattara duk baƙin tsirran da ke ƙwace wuri daga 'yan gida. Ni dai ina ba da shawarar mu ce "tsiro ɗan mamaya", jam'i kuma "'yan mamaya". Wanda yake da wadda ta fi wannan, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba.

Na biyu, fassara. Me zai hana wani daga cikinmu ya ɗauki waɗannan tambayoyi 49 a matsayin kundin kammala digirinsa, ya mayar da su Hausar da za a iya karantawa a rediyo, ya je ya gwada su a kan manoma da Fulani makiyaya? Su ne ke fara ganin sabon tsiro a burtali tun kafin labari ya kai ofis. Na uku, tattara sunaye. Tun a 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, shekara goma sha biyu kafin dogonyaro ya iso Barno. Tsirrai nawa suka shigo bayan nan, kuma wane suna kowane gari ya raɗa musu? Wannan aikinmu ne, ba na malaman gandun daji su kaɗai ba.

Maganar tana da gaggawa, domin dashe ake yi ba ƙaƙƙautawa. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar bishiyoyi daga Senegal zuwa Jibuti, kuma jihohi 11 na arewacin Nijeriya na ciki. Kowace damina ana raba dashe a makarantu da masallatai da ƙananan hukumomi. Abin alheri ne, sadaka ce mai gudana. Roƙona ga masu rabon shi ne su fara da 'yan gida waɗanda aka san halinsu tun kaka da kakanni: gawo, kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, aduwa, magarya, kanya. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya tun daga shekarun 1980 da abin da suke kira sassabin zamani, wato barin kututturen itatuwan gona su toho a riƙa yi musu aski, kuma ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Idan kuwa dole sai an kawo baƙuwa, to a yi mata tambayoyin nan tukuna, a gwada ta a ƙaramin fili na wasu shekaru, a nisanta ta da fadamu da gandun daji.

Daga ƙarshe, na koma wurin abokiyar karatun nan tawa na janye maganata. Na ce mata sunan dai namu ne, amma itacen na Indiya ne, riƙo aka ba mu. Ta yi dariya ta ce to ai riƙon ya yi kyau. Na ce haka ne, amma sa'a aka yi, domin mutanen Baringo ma riƙo aka ba su. Allah Ya sa mu dace, amin.