Tsumman bindigar toka da ran mafarautan da ake turawa daji

A jihohin Amurka da dama, hukuma kan ware wa masu bindigar da ake ɗurawa ta baki lokacin farauta nasu na daban. Muhawarar da ke tsakaninsu ƙarama ce: shin a sa toshiyar ulu tsakanin albarushi da harsashi mai tsini? Masu sawa na cewa tana hana ƙarfin fashewa zurarewa ta gefe, tana kare gindin dalma daga zafin wuta, man da ke jikinta kuma yana tausasa dattin bututu. Harsashi mai rami a gindi, irin na Bafaranshe Minié na shekarun 1840, ba ya buƙatarta, domin da kansa yake buɗewa ya cika bututun.

A nan gida kuwa, lamarin ya wuce nishaɗi. Da yawa daga mafarautan da ake dogaro da su a dazukan Borno da Zamfara bindigar toka suke riƙewa, tsumma ne toshiyarsu, bututun kuma ƙirar maƙerin gari. In ɗurin bai zauna a kan albarushi ba, aka bar sarari, bututun na iya tsagewa a hannun mai harbi. Ko ya zauna daidai ma, harbi ɗaya ne. Kafin a sake ɗuri, mai AK-47 ya zazzage harsashi 30.

Dokar makamai ta 1959 ta san da wannan bindiga, sai dai kan lasisi ta fi mayar da hankali. Gwamnatin da ke tura mafarauci daji ya kamata ta sa a gwada bututunsa tukuna.